Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa ake cewa “give me” amma ba a cewa “explain me”?

TAMBAYA: Ni 'yar Maraɗi ce, da Faransanci na yi karatu tun daga firamare har na ci BAC, yanzu kuma ina wata jami'a a Najeriya. Na rubuta “Please explain me the lesson”, malaminmu ya ja masa jan biro, alhali kullum ina jin “give me the book” da “tell me the story”, ba wanda ya ce kuskure ne. Wata ƙawata 'yar Katsina mai koyon Faransanci kuma ta rubuta “J'ai donné Binta un livre”. Na ce mata ba a faɗin haka, da ta tambaye ni dalili sai na rasa abin cewa. Don Allah ina bambancin harsunan biyu yake a nan?

Daga wata ɗaliba

AMSA: Malaminku yana da gaskiya, ke ma kina da gaskiya da kika gyara wa ƙawarki. Abin da ya kamata ki rubuta shi ne “Please explain the lesson to me”, ita kuma “J'ai donné un livre à Binta”. Ke da ita rami ɗaya kuka faɗa, sai dai ke kin faɗo ta gefen Faransanci, ita ta gefen Ingilishi.

Aikatau irin su ba, aika, nuna, gaya da koyar ba sa ƙoshi da karɓau ɗaya. Dole a ji abin da aka miƙa, a kuma ji wanda aka miƙa wa. Na farkon shi ne karɓau kai-tsaye a nahawun Hausa, wanda kuka sani da COD a makarantun Nijar. Na biyun shi ne kaikaitaccen karɓau, wato COI, wasu littattafan kuma sukan ce COS idan ya zo tare da na farkon. Don kada mu yi ta jan dogon suna, zan riƙa cewa “abu” da “mutum”, tunda galibi abu ake ba mutum.

Dokar Faransanci a nan ɗaya ce, kuma ba ta da sassauci: aikatau ɗaya, karɓau kai-tsaye ɗaya. Idan abu ya riga ya kama wannan gurbi, mutum ba zai shigo jimlar ba sai da “à” a gabansa: “donner un livre à Binta”, “envoyer une lettre au directeur”, “montrer la route aux voyageurs”. Wasu suna zaton maganar jeri ce kawai, wai abu ne zai fara zuwa sannan mutum ya biyo. Ba haka ba ne. Idan bayanin abin ya yi tsawo, Bafaranshe yakan gabatar da mutum, ya ce “J'ai donné à Binta le livre que mon père m'a rapporté de Niamey”. Binta ta zo farko, amma “à” tana maƙale da ita. Jeri yana iya canjawa, ita “à” ce ba a taɓawa.

Inda za ki ga ƙarfin wannan doka sosai shi ne jimlolin sa wani aiki, masu “faire”. Idan kika ce “Je fais manger l'enfant”, wato kina sa yaro ya ci abinci, yaron ne karɓau kai-tsaye. Da zarar kin ambaci abin da zai ci, sai yaron ya tashi ya ba abincin wuri: “Je fais manger la bouillie à l'enfant”. Da wakilin suna ma haka ne, “je le fais manger” ta koma “je lui fais manger la bouillie”. Yaron dai shi ke shan kununsa, ba abin da ya canja a tsakar gida, amma harshen ba ya yarda karɓau biyu su tsaya tsirara a bayan aikatau guda.

Za ki ce, to ina “explique-moi la leçon”, ai babu “à” a ciki? Nan ne asalin tuntuɓenki. A “donne-moi”, “dis-moi” da “explique-moi” ido ba ya ganin “à”, sai su yi kama da “give me” sak, har mutum ya ɗauka harsunan biyu hanya ɗaya suke bi. Alhali “à” ba ta tafi ko'ina ba, wakilin sunan ne ya haɗiye ta. “Me”, “te”, “nous” da “vous” siffa ɗaya gare su, ko su ne abin da aiki ya faɗa wa kai-tsaye ko su ne aka yi wa aikin. Ki gwada musanya su da mutum na uku, asiri zai tonu. “Regarde-moi” za ta koma “regarde-le”, amma “explique-moi” za ta koma “explique-lui”. Wannan “lui” tana ɗauke da “à” a cikinta, namiji ake nufi ko mace, haka ma “leur” idan suna da yawa. Ki tuna wa ƙawarki cewa wannan “leur” ɗin ba ta ɗaukar “s” ko da mutum dubu ake magana a kai.

Shi Ingilishi ba shi da irin wannan rabo a wakilan sunansa: “him” ɗin da ke cikin “I saw him” shi ne dai a “I gave him money”. A da can ba haka yake ba. A tsohon Ingilishi na shekaru dubu da suka wuce, “him” na wanda aka yi wa aiki ne kawai, wanda aiki ya faɗa wa kai-tsaye kuwa “hine” ake ce masa, kuma su kansu sunaye suna da ɗafa-ƙeyar da ke nuna wanda aka ba da abin da aka bayar. A hankali waɗannan alamomi suka lalace, “hine” ta ɓace, “him” ta haɗa aiki biyu. Da alama ta tafi, sai mazauni ya karɓi aikinta: sunan da ya biyo bayan aikatau nan take shi ne mutum, na bayansa shi ne abu. Ga kuma hanya ta biyu mai “to” da ta yaɗu a ƙarnonin da suka biyo baya. Shi ya sa yau mai Ingilishi yake da zaɓi tsakanin “I gave Binta a book” da “I gave a book to Binta”, zaɓin da Bafaranshe ba shi da shi.

Sai dai ba kowane aikatau aka ba wannan zaɓi ba, kuma tarihi yana da hannu a ciki. A shekarar 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a kusan shekara 300, sai a 1362 aka yi dokar cewa a riƙa gabatar da ƙara a kotu da Ingilishi. A wannan zamani da bayansa dubban kalmomi suka kwararo daga Faransanci da Latin. Bayanin da masana da dama ke bayarwa shi ne, aikatau baƙi da yawa sun riƙe halinsu na gida, ba sa karɓar mutum sai da “to”. Ki jera su biyu-biyu ki gani: ana cewa “give the school money” amma ba a cewa “donate the school money”, ana cewa “tell me the plan” amma ba “announce me the plan” ba, “show me the method” daidai ne, “demonstrate me the method” kuskure, “buy me a phone” daidai, “purchase me a phone” kuwa kunne ba ya karɓa. Ma'anarsu kusan ɗaya, halinsu daban.

Wannan ma riba ce a gare ki, domin kin fi 'yan ajinku saurin gane baƙin. Duk aikatau ɗin da kika ga yana kama da wanda kika sani tun a Maraɗi, kamar “expliquer”, “décrire”, “suggérer”, “annoncer”, “répéter” da “proposer”, ki ɗauka ɗan'uwansa na Ingilishi “to” yake so, har sai kin tabbatar da akasin haka. Akwai waɗanda suka zama 'yan gida: “offer”, “promise”, “pay”, “serve” da “pass” duk suna karɓar mutum kai-tsaye, kamar a “pass me the salt”. Idan kin lura, ko dai gaɓa ɗaya gare su, ko kuma nauyin furucinsu a gaɓar farko yake, irin na kalmomin asali. A kan haka ne Steven Pinker, a littafinsa na 1989 kan yadda yara ke koyon aikatau, ya ce amon kalma yaro ke bi, tunda ɗan shekara huɗu bai san tarihin Normandi ba. Ni ma na gamsu da wannan, domin sababbin aikatau na zamanin waya, gajeru, nan da nan suka shiga sahu: “text me the address”, “email her the file”.

Akwai ɗaya da ba shi da uzurin baƙunta, amma ya ƙi: “say”. Ɗan asali ne, gaɓa ɗaya, duk da haka ba a cewa “say me the truth”. Duk inda bakinki ya so fassara “dis-moi”, “tell me” za ki ce. Wannan sai hadda.

Kada kuma ki ce tunda “to” ta fi aminci za ki liƙa ta ko'ina ki huta. Siffar da ba ta da “to” tana da tata ma'anar, wato abin ya zama na mutumin, ko ya same shi. Shi ya sa ake cewa “I sent Musa a parcel”, amma idan wuri ne sai “I sent a parcel to Zinder”; gari ba ya mallakar ƙunshi. Shi ya sa kuma ake cewa “the noise gave me a headache”, ba a cewa “gave a headache to me”, domin ciwon kan bai taso daga hannun wani ya zo hannunki ba. Haka “it cost me ten thousand”, “they fined him”, “spare me the details”: babu inda “to” za ta shiga. Faransanci bai kula da wannan bambanci ba sam, duka “à” yake sa musu, har da “coûter à”, “refuser à” da “pardonner à”.

Kuskuren da na fi gani a rubutun waɗanda suka taso da Faransanci shi ne na “ask”. Saboda “poser une question au professeur” da “demander à” sun zauna musu a baki, sai su rubuta “ask a question to the teacher”. Daidai shi ne “ask the teacher a question”. Ki kuma lura da aikatau na yi wa wani hidima, irin su “buy”, “cook”, “make” da “find”. Suna karɓar mutum kai-tsaye, “I bought Binta a wrapper”, amma idan aka juya su “for” suke ɗauka, ba “to” ba.

Inda duka biyun suka halatta, wanne za a ɗauka? Mai harshen yakan gabatar da abin da aka riga aka sani, ko gajere, ko wakilin suna, ya bar sabo ko dogo a ƙarshe. Joan Bresnan da abokan aikinta sun nuna haka a wani bincike na 2007 da suka yi kan hirarrakin tarho na Amurkawa. Ƙa'idar da za ta amfane ki a aikace ita ce, idan abin “it” ne ko “them”, ki yi amfani da “to”: “give it to Musa”, ba “give Musa it” ba. A arewacin Ingila za ki ji ana cewa “give it me”, kuma ba kuskure ba ne a karin harshensu, amma ba shi za ki kai ɗakin jarrabawa ba.

Yanzu ga inda bambancin ya fi haifar da abin dariya. Tunda Ingilishi ya ɗauki mutum tamkar karɓau kai-tsaye, yana iya ɗago shi ya sa shi a farkon jimla, ya ɓoye mai aikin: “Musa was given a prize”, “I was told the news”, “she was shown the letter”. Faransanci ba ya ɗago kowa sai karɓau kai-tsaye. Idan ƙawarki ta rubuta “Musa a été donné”, Musan ne da kansa aka yi kyauta da shi. Abin da Bafaranshe zai ce shi ne “On a donné un prix à Musa”, ko “Musa a reçu un prix”, ko a harshen jarida “Musa s'est vu décerner un prix”. Aikatau kaɗan ne suka kauce wa wannan, kamar “obéir” da “pardonner”, inda ake cewa “vous êtes pardonné”.

Ki sake duba wannan “on a donné”. Ba “an ba” ɗinmu ba ne? “On m'a dit”, an gaya mini. “On lui a montré la lettre”, an nuna mata takardar. Ina mamakin yadda ake koya wa yaro Bahaushe Faransanci a Najeriya ta hanyar Ingilishi kaɗai, a zagaya da shi, alhali harshen da ya tsotsa ya fi kusa da abin da ake son ya gane. Gaskiyar magana, Hausa tana da hanyoyin nan biyu duka. A “na ba Musa littafi”, “na biya Musa kuɗi”, “na tambayi Musa hanya” da “ya hana ni barci”, mutum da abu suna jere ba wata alama a tsakani, kamar dai Ingilishi. A “na bayyana wa Musa darasi” da “na nuna wa Musa hanya” kuwa akwai “wa”, wadda ku a Maraɗi da Katsina kuke ce wa “ma”, kuma aikinta kusan na “à” ne. Mini, maka, masa da musu su ne takwarorin “me”, “te”, “lui” da “leur”, tunda su ma sun haɗiye alamar a cikinsu. Ba wanda zai ce “bayyana ni darasi”, sai dai “bayyana mini”.

Kamar da ke tsakanin Hausa da Faransanci ma ta wuce nan. Ingilishi yana ba mutum wannan gurbi ne galibi idan samu zai yi. Hausa da Faransanci kuwa suna ba shi gurbin ko samu ya yi ko rashi. Muna cewa “an sace wa Musa keke”, Bafaranshe ya ce “on lui a volé son vélo”. Muna cewa “ta ɓoye wa mijinta labarin”, ya ce “elle a caché la nouvelle à son mari”. Ingilishi sai ya nemo “from” a duka biyun. Idan kika ce “they stole Musa a bicycle”, kin koma “an sato wa Musa keke”, kin mai da mai kuka mai cin haram. Haka a sassan jiki: “na wanke wa yaro hannu” daidai take da “je lui ai lavé les mains”, amma Ingilishi “I washed his hands” zai ce, ba “I washed him the hands” ba.

Wannan faɗin aiki na “à” yana da tasa illar. “J'ai acheté un mouton à Musa” tana iya nufin na saya wa Musa rago, tana kuma iya nufin na sayi rago a hannun Musa. Sai yanayin magana ya raba gardama, ko a sa “pour” idan kyauta ake nufi. A nan Hausa da Ingilishi sun fi shi tsabta.

Wani abin sha'awa a gefe: harshen mutanen Haiti, wanda mafi yawan kalmominsa daga Faransanci suka fito, ya yar da “à” a nan. Suna cewa “Mwen bay Mari liv la”, na ba Mari littafin, mutum da abu a jere. Wato kalmomi suna iya ƙaura su bar dokar gidansu a baya.

Saura jerin wakilan suna, wanda shi zai fi wahalar da ƙawarki. Idan abu da mutum duk sun koma wakilan suna, gaban aikatau suke zuwa, kuma jerinsu ba ɗaya ba ne ko'ina. Da “me”, “te”, “nous” da “vous”, mutum ne a gaba: “je te le donne”. Da “lui” da “leur”, abu ne a gaba: “je le lui donne”. A umarni sai su koma bayan aikatau, abu a gaba ko yaushe: “donne-le-moi”, “donne-le-lui”. A hani kuma su dawo inda suke: “ne me le donne pas”. A bakin titi za ta ji “donne-moi-le”, za ta kuma ji an yar da “le” an ce “je lui donne” kawai, amma a takarda ba a yarda da su ba. Akwai ma haɗin da harshen ya ƙi gaba ɗaya: ba a cewa “il me lui présente”, sai “il me présente à lui”.

Sanin wane ne COD wane ne COI ba ado ba ne a Faransanci, domin rubutu ya dogara da shi. Siffar aikatau ta shuɗewa tana daidaita da karɓau kai-tsaye idan ya gabace ta, amma ba ruwanta da mutumin da aka yi wa aiki. Ana rubuta “la lettre que je lui ai envoyée” da ƙarin “e” saboda takardar, amma “je leur ai envoyé une lettre” ba ƙarin komai, ko mata goma aka aika wa. Haka “elle s'est lavée” tana da “e” domin kanta ta wanke, amma “elle s'est lavé les mains” ba ta da shi, domin hannuwan ne suka kama gurbin, ita kuwa an wanke wa ce. Da wannan ma'aunin ake rubuta “ils se sont vus” da “s”, a rubuta “ils se sont parlé” babu, tunda “voir quelqu'un” ake cewa amma “parler à quelqu'un”. Ingilishi ba zai taimake ta a nan ba, ɓatar da ita ma zai yi, domin “phone him”, “answer him” da “obey him” duk kai-tsaye suke, alhali “téléphoner”, “répondre” da “obéir” sai da “à”. Don haka “je lui ai téléphoné” za ta rubuta, ba “je l'ai téléphoné” ba.

Idan za ku duba ƙamus, kada ku tsaya ga ma'ana, ku karanta ƙananan haruffan da ke gaban aikatau. A na Faransanci za ku ga “qqch à qqn”. A na Ingilishi na masu koyo, kamar na Oxford ko Longman, za ku ga “sb sth” a gaban “give”, “tell” da “offer”, amma a gaban “explain”, “describe” da “suggest” ba za ku ga “sb sth” ba, sai “sth to sb”.